RA'AYINMU: Wanda Bai Ƙirga Ni'ima Ba Zai Ƙirga Asara

 

Duk wanda yake zama a majalisun matasa a cikin garin Haɗeja da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ko a teburin mai shayi bayan sallar Isha'i, ko a ƙarƙashin bishiyar da 'yan acaɓa suke fakewa da rana, ba zai rasa jin wasu kalmomi da suka zama kamar wuridi a bakin samari ba. Wannan ya ce garin nan babu komai a cikinsa. Wancan ya ce shi dai kuɗin mota kawai yake jira ya samu. Wani kuma ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗin duniya ba. Ana faɗin haka ne kuwa da kofin shayi a hannu, da lafiya a jiki, da mahaifiya a gida wadda ta rufe wa mai maganar tuwonsa tana jiran ya dawo.

Tun farko muna so ɗan uwa mai karatu ya fahimce mu. Ba mu zo mu ce babu wahala ba. Wallahi akwai ta, kuma mu ma a cikinta muke. A farkon shekarar 2023 mutane sun kwana a layin banki suna neman kuɗinsu na halal saboda canjin takardun Naira. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta wuce Naira 1,000 a cikin 2024. A watan Disamba na 2024, hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Magidancin da yake auna masara da kwano ya san wannan tun kafin a rubuta masa a takarda. Saboda haka kukan matashi yana da dalili.

Abin da ya tayar mana da hankali wani abu ne daban. Tsananin rayuwa ya ƙwace wa saurayi abin da ke aljihunsa, yanzu kuma yana neman ya ƙwace masa abin da ke zuciyarsa, wato idon da yake ganin ni'imar Allah da shi. Saurayi zai ci abinci bai ji ɗanɗanonsa ba, domin hannu ɗaya yana cikin kwano, ɗayan yana kan waya yana kallon motoci da gidajen wasu a TikTok, waɗanda bai san ko nasu ba ne ko na aro. Ya kwanta da ƙunci, ya tashi da ƙunci. Daga nan sai Shaiɗan ya buɗe masa ƙofofinsa da ya saba: cacar ƙwallo da take cinye ɗan abin da ya samo, ƙwayar da za ta gusar masa da tunani na awa biyu, ko hanyar Agadas zuwa Libiya wadda ta haɗiye 'ya'yan mutane da yawa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma kwaɗayi ba ya samun wurin zama sai a zuciyar da ta raina abin da ke hannunta.

Ba sai mun je nesa neman darasi a kan raina ƙaramar ni'ima ba. Darasin yana nan kwance a bayan gari, shi ne kogin Haɗeja.

Wannan kogi yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, ya biyo ta Wudil, ya ratso ƙasar Jigawa, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, sannan ya haɗu da kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su nufi Tafkin Chadi. Shekaru aru-aru, kowace damina ruwa yakan cika ya malala a fadama, ya zauna watanni, sannan ya janye. A cikin wannan zuwa da komawa ne Allah ya sanya arzikin ƙasar nan. Manomi ya shuka shinkafa ruwa ya tashi da ita. In ruwa ya janye ya bi danshin ya shuka wake. Masunci ya hau gorarsa ko kwalekwalensa ya dawo da tarwaɗa da karfasa. Bafulatani ya gangaro da shanunsa da rani ya tarar da ɗanyar ciyawa a lokacin da jeji ya bushe ƙayau. Mata su samu kaba su saƙa tabarma, a samu itacen girki, a samu kanwa. Ruwan da ya kwanta a fadama kuma ya tsuma cikin ƙasa ya shayar da rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi.

Duk waɗannan abubuwa ne ƙanana a idon wanda yake zaune a ofis. Ba su da tambari, ba a yanka zare a buɗe su, babu wanda zai ce shi ya kawo su. Da aka zo tsara manyan ayyukan ruwa, abin da aka ƙirga shi ne girman gonakin noman rani da yawan buhunan da za a samu. Aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kammala ta Challawa a 1992. Ba mu musun cewa waɗannan madatsu sun shayar da birnin Kano, sun kuma raya noman rani a wurare irin su Kadawa da Kura. Amma faɗin fadamar da ruwa yake rufewa a nan ƙasa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1960. Sannan tsarin tafiyar ruwan ya sauya: kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani, ya koma yana tsiyaya kusan duk shekara. Wannan ne ya ba ciyawar kacalla damar mamaye hanyoyin ruwa. Ta toshe wasu rassan kogin har gonakinsu suka bushe, ta karkatar da ruwa zuwa wasu wuraren har gonakinsu suka nutse, ta hana kwalekwale da koma wucewa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. A tambayi mutanen Guri da Kirikasamma da Auyo, su ne za su ba da labarin da kyau.

A farkon shekarun 1990, wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna suka yi lissafin da ya kamata a ce an yi tun kafin a kafa tubalin farko. Suka kimanta abin da mutanen fadamar Haɗeja da Nguru suke samu daga noma da kamun kifi da itacen girki, suka kwatanta shi da abin da aikin noman rani na kogin Kano yake samarwa. Sakamakon ya nuna cewa in aka auna da yawan ruwan da kowanne yake sha, amfanin fadama ya ninka na wancan babban aiki sau da yawa. Alhali kuwa ba su ma shigar da kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin lissafin ba. Ashe ƙananan abubuwan nan da aka raina, in an tara su, sun fi babban abin da aka yi wa biki. Sai da aka fara rasa su sannan aka san ƙimarsu.

Ya kai ɗan uwa matashi, abin da masu tsare-tsare suka yi wa kogin nan, shi kake yi wa rayuwarka a duk ranar da ka ce ba ka da komai. Ka ƙirga manya biyu ko uku da ka rasa, wato aikin ofis da mota da kuɗin aure, ka bar ɗaruruwan ƙanana da suke malala a kanka safe da yamma ba ka shigar da su lissafi ba.

To bari mu yi maka lissafin na rana guda. Ka farka da asuba ka ji kiran salla da kunnenka, ka taka zuwa masallaci da ƙafarka, babu wanda ya tare ka a hanya. A daidai wannan lokaci akwai 'yan uwanka Musulmi a wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da suka sha kwana a jeji saboda 'yan bindiga, akwai kuma na Borno da suka shafe shekaru a sansanin gudun hijira. Ka dawo ka gaida mahaifiyarka ta amsa, ta sa maka albarka. Tambayi maraya nawa zai biya a dawo masa da wannan muryar ko da sau ɗaya. Ka sha koko da ƙosai mai zafi. Da rana ta take, a cikin zafin bazarar nan tamu da kowa ya sani, ka ɗaga moɗa ka sha ruwan randa ya sauka har cikin ƙirjinka. Ka zauna a inuwar darbejiya iska ta kaɗo daga wajen kogi. Da yamma ka bi ta kasuwar kifi, wadda fatake suke zuwa daga garuruwa masu nisa domin su sari abin da kai kake wucewa ta gabansa kullum. Da dare kuka shimfiɗa tabarma kai da abokanka, aka yi raha har wani ya riƙe ciki don dariya. Sannan ka kwanta barci ya ɗauke ka ba tare da ƙwayar asibiti ba. Wanne ne a cikin waɗannan ka saya da kuɗinka? Wanne ne kuma za ka yarda ka sayar?

Malaman tarihi sun kawo labarin Halifa Haruna Rashid da wani mai wa'azi da ake kira Ibnus Sammak. Halifa ya nemi ruwa zai sha, sai malamin ya tambaye shi abin da zai bayar da za a hana shi wannan ruwan, ya amsa da cewa rabin mulkinsa. Bayan ya sha, ya sake tambayarsa abin da zai bayar da ruwan zai ƙi fita daga jikinsa, ya ce sauran mulkin. Wannan mutum ne da daularsa ta kama daga Arewacin Afirka har zuwa Khurasan. Mu a nan ba ma buƙatar a fassara mana labarin, domin da yawanmu mun taɓa raka wani ɗan uwa mai ciwon ƙoda zuwa wankin ƙoda, mun ga yadda ake sayar da gona da shanu domin abin da lafiyayye yake yi kyauta sau biyar a rana ba tare da ya ce Alhamdu lillahi ba.

Hatta tsuntsayen sama suna ba mu kunya. Kowace shekara in sanyi ya shigo, dubban tsuntsaye sukan baro ƙasashen Turai, su ƙetare teku, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a fadamun nan namu. Saboda su ne aka shigar da dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2008. Tsuntsu ya yi tafiyar dubban kilomitoci domin ya iso inda aka haife ka, kai kuma kana neman ka ƙetare wannan hamadar a bayan akori-kura domin ka bar wurin. Ba mu haramta wa kowa tafiya neman halal ba, ci-rani tsohuwar al'adarmu ce, kuma tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya fita yana sane da abin da ya baro, da wanda ya fita yana tsine wa ƙasar da ta raine shi. Na farko yakan dawo da alheri. Na biyu ko ina ya sauka ƙuncinsa yana cikin jakarsa.

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin mutanen Saba'u na ƙasar Yaman, waɗanda su ma arzikinsu a kan ruwa yake. Suna da gonaki dama da hagu, da garuruwa kusa da juna, da hanya mai aminci. Abin da aka nema a wurinsu shi ne su ci su gode. Suka gundura da ni'imar, suka juya baya, sai madatsarsu ta ɓalle, lambunan suka koma itatuwa masu ɗaci da 'yar magarya kaɗan. Kufan madatsar Ma'arib yana nan a Yaman har yau. Kada wani ya ɗauka muna cewa ambaliyar da ta ci gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja a 2018 da 2020 da 2022 azaba ce a kan waɗanda ta shafa. Allah ya tsare mu da yi masa shisshigi. Mumini ana jarraba shi, kuma waɗanda suka yi asara bayin Allah ne masu neman na kansu. Darasin da muke ɗauka shi ne cewa ni'ima ba gado ba ce, aro ce, kuma Mai ita ya sanya godiya ta zama igiyar ɗaure ta. Ba a banza ba ne Suratur Rahman ta maimaita tambaya guda a kan ƙaryata ni'imomin Ubangiji har sau 31.

Mun san abin da wani ɗan uwa zai ce, kuma yana da kyau a amsa masa. Zai ce: ai wannan ita ce maganar da azzalumai suke so a riƙa yi wa talaka, a ce masa ya gode da ruwan randa, su kuma su kwashe dukiyar ƙasa. Gaskiya ne an sha amfani da kalmar haƙuri da kalmar godiya a matsayin maganin barci. An sha hawa mumbari a ce wa mai jin yunwa ya yi shiru, ba a ce wa wanda ya ɓoye abincin ya ji tsoron Allah ba. Mu ba wannan godiyar muke kira zuwa gare ta ba. Godiya ga Allah ake yi a kan abin da ya bayar. Wanda ya danne haƙƙinka kuwa ba ya da kaso a cikinta. Kana iya cewa Alhamdu lillahi a kan tuwon da ka ci, ka kuma tashi ka tambayi inda kuɗin taki da na yashe kogi da na asibitin garinku suka shiga. Hasali ma wanda ya san ƙimar abu shi ne yake tsayawa ya kare shi. Saurayin da yake ganin garinsu ba komai ba ne, shi ne mafi sauƙin saye ranar zaɓe, domin wanda ya ɗauka ba shi da abin asara zai sayar da gobensa a kan taliya da sabulu.

Imam Gazali, a babin haƙuri da godiya na littafinsa Ihya'u Ulumid Din, ya bayyana cewa godiya tana ginuwa ne a kan abubuwa uku: sanin ni'ima da Wanda ya yi ta, farin cikin da wannan sani yake haifarwa a zuciya, da kuma aiki, wato sarrafa ni'imar a inda Mai ita yake so. A kan na ukun nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Bakinmu ya iya cewa "mun gode Allah" in an gaishe mu, amma gaɓoɓinmu ba su san zancen ba.

Mutanen Haɗeja sun ga godiya ta aiki da idonsu. A daminar 2020 da ta 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin Nijeriya, lokacin da ruwa ya tunkaro gari, matasa ne suka fito da shebur da buhunan ƙasa suna ɗaga jinga dare da rana. Ɗalibi da ɗan kasuwa da leburan tasha suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a cikin laka. A waɗannan darare babu wanda aka ji yana cewa garin nan ba komai, domin kowa ya ga abin da zai rasa. Haka kuma a ƙauyukan bakin kogi an daɗe ana haɗuwa a yi gayya a shiga ruwa da lauje da adda a sare kacalla domin a buɗe wa ruwa hanya. Abin tambaya shi ne, dole sai ruwa ya iso ƙofar gida sannan za mu tuna cewa muna da gida?

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa matasa da wasu abubuwa masu sauƙi waɗanda ba sa buƙatar ko sisi. Bayan sallar Isha'i, kafin ka ɗauki waya, ka zauna minti biyar ka lissafa ni'imomi biyar na wannan yinin da sunayensu, ba a dunƙule ba, ka gode wa Allah a kan kowacce. In za ka ci abinci ka ajiye wayar, ka ambaci sunan Allah, ka tuna manomin da ya shiga ruwa har gwiwa kafin wannan shinkafa ta iso gabanka. Ka buɗe baki ka yi wa mahaifiyarka godiya a kan girkinta, ka yi wa mahaifinka, ka yi wa malamin da ya koya maka alif da ba, domin yaba kyauta tukwici ne, kuma yawancinsu ba su taɓa jin wannan kalma daga bakinmu ba. Ka ware rana a wata ka leƙa asibiti ka duba marasa lafiya, ko da ba ka san kowa ba. Sannan ka dubi ƙarfin jikin nan da Allah ya ba ka a shekarun samartaka, ka nema masa aiki: sana'ar hannu, ko ɗan fegi a fadama da rani, ko karatun da ka ajiye, ko gayyar unguwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga malamai da masu wa'azi kuma, muna roƙon a riƙa haɗa wa matasa bayanin godiya da bayanin adalci a zama ɗaya, kada a ba su rabi a ɓoye rabi. Ga mahukunta, waɗanda Allah ya ɗora wa amanar ruwan nan da ƙasar nan, muna tunatar da su cewa shugabanci ma ni'ima ce da za a tambaye su a kanta, kuma godiyarsu ita ce su riƙa shigar da masunci da makiyayi da mai saƙar kaba a cikin lissafi duk lokacin da za a buɗe ko a rufe bakin madatsa, su kuma ɗauki yashe hanyoyin ruwa da yaƙi da kacalla a matsayin aikin kowace shekara, ba sai an yi asara a zo jaje da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto ba.

Muna roƙon Allah (T) ya sanya mu cikin bayinsa masu godiya, waɗanda ya ce 'yan kaɗan ne. Ya buɗe idanunmu mu ga ni'imominsa tun suna hannunmu. Ya yaye wa al'umma ƙuncin da take ciki, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya shiryi matasanmu, ya sanya albarka a koginmu da gonakinmu. Amin.